Da sanyin safiya ake kama fara: Yadda muka kama motar asuba a Yankari

A makon jiya mun yi muku alƙawarin tsarabar hutu. To ga ta, sai dai ta karatu ce, ba ta ci ba. Labarin wata fita ce ta awa uku da muka yi da sassafe a Gandun Dajin Yankari, fitar da saura ƙiris ta kuɓuce mana, kuma ba laifin kowa ba ne sai namu. Mun ga ya dace mu faɗa muku yadda aka yi, domin da yawa daga cikinmu yanzu mu ne iyaye ke ɗora wa shirin tafiya a gida, tunda mu ne masu danne-dannen waya.

Alƙawari kaya ne

Asalin tafiyar alƙawari ne. Babanmu malamin makaranta ne, ya ce wa autanmu ɗan shekara 11 in ya ci jarrabawar shiga sakandare zai kai shi ya ga giwa da idonsa. Yaro ya dage, ya ci. Baba ya shiga adashi a wurin aiki, wata takwas yana zubi. Da ya kwashi nasa sai ya tara mu ya ce kuɗin nan za su isa mai da abinci da kwana ɗaya tak, ba ƙari. Mu bakwai ne: Baba, Umma, Kakarmu wadda ta haifi Baba, ƙanwarmu 'yar sakandare, auta, sai mu biyu 'yan jami'a. Baba ya dube mu ya ce, “Ku 'yan boko, shiri a hannunku yake. Ni direba ne kawai.”

Kwaɗayin giwar nan a waya auta ya ɗauko shi. Yakan ari wayar Yaya ya yi ta kallon bidiyon wani wurin shaƙatawa na iyali da ke jihar Fulorida a Amurka, wato Disney's Animal Kingdom, wanda aka buɗe ranar 22 ga Afrilun 1998. A can an gina wani fili mai kama da dajin Afirka, ana zagaya shi da baƙi a buɗaɗɗiyar mota. Kukokin da ke tsaye a filin ma na siminti ne, an kuma san wuraren da ake ajiye wa dabbobi abinci kusa da hanya don masu wucewa su gan su. Duk da wannan shiri, waɗanda suka san wurin sukan yi sammako su hau motar da zarar an buɗe ƙofa, domin dabba ta fi kuzari da sanyin safe. Akwai kuma zagaye na musamman na mutane kaɗan, wanda ake biya daban, ake kuma kama gurbinsa tun kafin a bar gida.

Mun kalli bidiyon tare da shi, mun yi dariyar kukar siminti, muka ce mu da muke da ta gaske a bayan gida. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne darasin da ke ciki. Idan a inda aka killace dabba aka shirya mata wurin tsayawa ma sai an yi sammako an kama wuri da wuri, ina ga dajin Allah, inda dabba ba ta san da zuwanka ba?

Hanyar Wikki

Ga waɗanda ba su taɓa zuwa ba, Yankari yana cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri a Jihar Bauchi, kuma faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 2,244. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta amince da keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a watan Disambar 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a matsayin gandun daji na ƙasa, sannan a 2006 aka mayar wa Jihar Bauchi abinta. Daga garin Bauchi titin Gombe ake bi, a Dindima a karya, a miƙe har ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofa take. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki, inda masauki yake, akwai sauran tafiyar kimanin kilomita 42 a cikin daji. Wannan sauran tafiyar ita ce mutane da yawa ba sa lissafawa, har da mu.

Kwana biyu bayan ƙaramar Sallah muka tashi, zafin bazara ya kankama. Sammakon bubuƙuwa muka yi: an tashi tun asuba, amma neman takalmin wannan da ɗaurin kayan wancan bai bar mu mun bar gida ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Bayan azahar muka isa Wikki, kowa ya jiƙe da gumi. Muka karɓi makullan ɗakuna biyu, muka zube kaya. A nan ne ya kamata mu koma ofishin karɓar baƙi mu tambayi batun motar zagayen daji. Sai Yaya ya ce, “Bari mu ɗan watsa ruwa tukuna, ofis ba gudu zai yi ba.”

Duk wanda ya san ruwan Wikki ya san ba a shigarsa a fito da wuri. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓulɓulowa, garau har kana hango yashin ƙasa, kuma ɗuminsa na nan a wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Muka shiga, muka manta da duniya. Ko da muka fito, wani gwaggon biri ya riga ya yi gaba da ledar burodin da ƙanwarmu ta ajiye a bakin ruwa, ya hau bishiya yana ci yana kallonmu. Aka yi ta dariya. Dariyar ba ta daɗe ba.

Da muka isa ofis bayan la'asar, ma'aikacin ya karɓe mu da fara'a, ya yi mana bayani dalla-dalla. Motar yamma ta fita tun muna cikin ruwa. Babbar motar safe kuwa ɗaliban wata makaranta da suka zo yawon buɗe ido sun kama kujerunta kaf tun da suka iso. Abin da ya rage shi ne mu ɗauki shatar ƙaramar mota mu kaɗai, da ɗan jagora, mu fita da ƙarfe shida na safe kafin kowa. Ya faɗi kuɗin. Muka dubi juna. Kuɗin kujera bakwai muka ware, ba kuɗin mota sukutum ba. Ga shi kuma dole mu kama hanya kafin azahar ɗin gobe, domin Baba zai koma aiki.

Zaman shawara

Babu tafiyar da ta taɓa yi mana nisa kamar 'yan takun nan daga ofis zuwa ɗaki. Muka tarar da Baba a kan darduma. Ya ce, “To 'yan boko, ina aka kwana?” Muka faɗi gaskiya. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mana sauƙi. Shiru kawai ya yi, ya dubi auta da ke bakin ƙofa yana jifan ƙadangare da tsakuwa, bai san abin da ake ciki ba.

Zaɓi uku ne a gabanmu. Ko mu ƙara kwana, wanda ke nufin kuɗin ɗakuna biyu da abinci, ga aikin Baba. Ko mu haƙura mu koma gida da labarin wanka da biri. Ko mu nemo cikon kuɗin shata. Umma ta kwance bakin zaninta ta fito da abin da ta ware na tsarabar maƙwabta. Mu kuma muka fito da kuɗin motar komawa makaranta. Baba ya fara cewa a'a, sai Kaka ta ce, “Karɓa. Wanda ya zubar da ruwa shi ke komawa rijiya.” Aka haɗa, aka ƙirga, har yanzu da saura.

A masallaci aka samu mafita. Bayan magariba Baba ya gaisa da wani bawan Allah da ya zo da iyalinsa su huɗu daga Jos. Ashe su sun fita zagaye a ranar da hantsi, sun ga gwanki da birai, amma ko sawun giwa ba su gani ba, kuma suna son su sake gwadawa da wuri in da abokin tarayya. Nan take aka raba kuɗin bisa yawan kawuna. Wannan karon ba mu tsaya wata-wata ba, da gudu muka koma ofis, muka biya, muka karɓi rasit, muka tambayi inda za a haɗu da ƙarfe nawa, muka kuma roƙi a haɗa mu da ɗan jagoran tun da daren.

Me ya sa sai da safe?

Mun yi masa wannan tambaya ne don mu tabbatar kuɗinmu ba a banza za su tafi ba. Amsarsa ta fi wasu laccocin da muke zama a aji. Ya ce dabbar daji lissafin zafi da ruwa take yi. Da bazara, in rana ta take, kowace dabba inuwa take nema ta lafe, ka wuce ta taku goma ba ka gan ta ba. Kiwo da tafiya da zuwa ruwa sun fi yawa da sassafe da kuma yamma liƙis. Giwa ba ta yin gumi irin namu, da kaɗa faffaɗan kunnuwanta da watsa wa jikinta ruwa da taɓo take rage zafi, don haka da rana takan kutsa cikin duhuwar itatuwa. Zaki da kura kuwa ma'aikatan dare ne, in za a dace da su to a kan hanyarsu ta komawa makwanci ne.

Dalili na biyu shi ne sawu. Da daddare dabbobi na bin hanyar mota, su bar sawunsu a kan yashi. Motar da ta fara fita ita ke samun wannan rubutu bai goge ba. Da zarar tayoyi biyu ko uku sun bi ta kai, shi ke nan. Dalili na uku shi ne Kogin Gaji, wanda ya ratsa tsakiyar gandun. Da rani ƙananan rafuka da tafkuna kan ƙafe, sai dabbobi su tattaru a kwarinsa. Shi ya sa daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu aka fi ganinsu, ga ciyawa ta bushe ba abin da ke tare ido.

Sai ya ƙara da maganar da muka riƙe har yau. Ya ce wa Baba, “Ranka ya daɗe, mota da lokaci kuka biya. Giwa ba a hannunmu take ba.” Baba ya kira auta ya maimaita masa a gabanmu. Yaron ya gyaɗa kai, amma mun ga idonsa ya kawo ruwa.

Saura batun Kaka. Baba ya so ta zauna ta huta, saboda gargadar hanya da ciwon gwiwa, ga kuma yanar da ta fara rufe mata ido. Ya ce, “Hajiya, da kin yi zamanki, ba za mu daɗe ba.” Ta ce, “Maigidana zai je ganin giwa, ni in zauna gadin ɗaki da birai? Ni da na yi goyonka ban gaji ba, sai zaman mota ne zai gajiyar da ni?” Maigidan nata, wato auta, ya ce shi zai riƙe mata sanda. Magana ta ƙare.

Ƙarfe shida daidai

A daren nan an kwanta da wuri. Muka jera kaya tun kafin barci: ruwan sha, fulas ɗin shayi, maganin Kaka, hula da mayafi. Muna idar da sallar asuba muka nufi wurin haɗuwa, muka riga direba isa. Abin mamaki, duk da zafin jiya, iskar asuba a bayan buɗaɗɗiyar mota sai da ta sa ƙanwarmu ta duƙunƙune cikin hijabin Umma.

Zabin daji ne suka fara tarbarmu, garke guda suna gudu a gaban mota kamar ba su san hanyar kaucewa ba. Sai mugun dawa da 'ya'yanta, jela a tsaye kamar eriyar rediyo. Gari na ƙara wayewa muka hango gwanki uku a wani fili, sun tsaya cak suna kallonmu da dogayen kunnuwansu. Can kuma burtu biyu na tafiyar ƙasaita a cikin busasshiyar ciyawa. Masana sun ƙirga tsuntsaye sama da iri 350 a wannan gandu, kuma da safen nan sai ka ce dukansu ne suka tashi kuka lokaci guda. Da muka gangara kwarin Gaji, inda itatuwa ke kore shar kamar ba rani ba, muka ga gwambaza a bakin ruwa, da garken ɓauna a nesa, carki na bisa gadon bayansu yana cirar kaska.

Auta yana kallo, amma ba ya cewa komai. Mun san abin da yake jira. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta kama. Rana ta fara ɗagowa, mu kuma cikinmu ya fara ɗurar ruwa.

Kwatsam ɗan jagora ya buga jikin mota, direba ya tsaya. Ya nuna mana yashin hanya. Ga sawu nan zagayayye kamar faifai, manya da ƙanana, sun ratsa hanya sun nufi kogi. Ya ce in ka auna kewayen sawun ƙafar gaba ka ninka biyu, ka samu kusan tsayin giwar daga ƙasa zuwa kafaɗa. A gefe ga tulin kashi, da ya tona da kara sai tururi ya tashi. Ga kuma reshen bishiya a karye, ruwan jikinsa bai bushe ba. Ya sa yatsa a baki alamar a yi shiru. Aka ɗan matsa gaba, aka kashe mota.

Minti ashirin muka yi a wurin. Ba mu taɓa sanin mutum goma sha ɗaya za su iya yin shiru haka ba. Ƙudan tsando ya ciji Yaya a wuya, ko motsi bai yi ba. Sai muka ji ƙas, kamar an karya icen girki, aka sake ji. Daga nan wani gurnani mai zurfi ya taso, wanda ƙirji ya fi kunne jin sa. Ganyayen da muke zaton duhuwa ce kawai suka motsa, wata ƙatuwar giwa ta fito, ta tsaya ta ɗaga hanci tana shaƙar iska. Bayanta wasu huɗu suka biyo, da ɗan ƙarami a tsakiya yana tuntuɓe da ƙafafun uwarsa. Suka ratsa fili a natse, suka shige wata duhuwar. Duka-duka abin bai kai minti biyu ba.

Kaka ta yi raɗa, “Ina take?” Auta ya kama hannunta ya miƙa shi saitin wurin, ya ce, “Kaka ga ta can, ta fi rumbun ƙauye girma.” Ta ƙura ido ta ce ita dai inuwa take gani tana tafiya, kamar ɗaki ya tashi. Sai ta ja numfashi ta ce, “Amma warin nan na san shi.” Muka waiga muka ga Baba bai ma kalli giwayen sosai ba, fuskar auta yake kallo.

Abin da Kaka ta tuna

A hanyar komawa ta ba mu labari. Tana yarinya, wata safiya ta bi mahaifinta gona suka tarar giwaye sun kwana a cikin dawarsu, sun tattake abin da ba su ci ba. Shekarar nan sai da 'yan uwa suka tallafa musu da hatsi. Ta ce, “Ku kuna biyan kuɗi ku gan ta, mu addu'a muke yi kada mu gan ta.” Ɗan jagora ya ce har gobe manoman ƙauyukan da ke kewaye da gandun na fama da wannan. Babbar giwa na iya cin abin da ya kai kilo 150 a yini, don haka garke guda in ya faɗa gona dare ɗaya ya isa.

A ɗaya ɓangaren kuma giwayen ne ke cikin haɗari. Garken Yankari na cikin mafi girma da suka rage a Najeriya, amma masu lura da dajin na ƙiyasta su tsakanin 100 zuwa 150 ne kawai, bayan shekarun da mafarautan haure suka yi suna yi musu ɓarna. Giwa kuma ba ta saurin yaɗuwa, wata 22 take ɗauke da ciki ta haifi ɗa guda. Zakin ma haka, a duk faɗin ƙasar nan Yankari da gandun Kainji ne aka san ya rage. Mu ba mu gan shi ba, kuma ba kasafai ake ganinsa ba. Tun 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ke aiki da gwamnatin jihar wajen tallafa wa masu gadin daji, har an sanya wa wasu giwaye na'ura a wuya don a riƙa sanin inda suka nufa. Zuwan baƙi irinmu na daga cikin abin da ke nuna wa hukuma da maƙwabtan dajin cewa giwa mai rai tana da daraja.

Ga mai niyyar zuwa

Na farko, ku yi tambaya tun kuna gida, kuma in kun isa ku fara da ofis kafin ruwa. Ku tambayi ƙarfe nawa motoci ke fita, kujera nawa suka rage, me kuɗin ya ƙunsa, ko akwai damar fita da wuri fiye da sauran. Farashi da lokuta kan sauya, don haka kada ku dogara da abin da wani ya faɗa muku bara. In kun biya ku karɓi rasit.

Na biyu, ku duba lokaci. Rani ne lokacin kallo. Da damina ciyawa kan fi mutum tsayi, ruwa kuma ko'ina akwai, dabbobi sun warwatsu. Lokacin bukukuwan Sallah da Kirsimeti da hutun makarantu jama'a kan yi yawa, kujeru su ƙare da wuri. In da hali, kwana biyu ya fi ɗaya, domin in safiyar farko ba a dace ba akwai ta biyu.

Na uku, in kuɗin shata ya yi muku yawa, ku nemi wani iyali ku raba. Kada kunya ta hana ku tambaya, wataƙila su ma ku suke nema. Ku kuma riƙe tsabar kuɗi a hannu, domin a daji ba a dogara da sabis ɗin waya.

Na huɗu, ku shirya tun dare. Riga mai dogon hannu mai hasken launi ta fi, domin baƙi da shuɗi na jan ƙudan tsando. Ku ɗauki ruwa da ɗan abin taɓawa da maganin tsofaffi, ku cika waya da caji, ku kulle ƙofa da taga saboda birai. Kada a raba dare ana hira, mai barci a mota kuɗinsa ya yi wa asara.

Na biyar, a cikin daji maganar ɗan jagora ita ce doka. Ba sauka daga mota sai ya ce, ba ihu, ba kiɗa, ba jefa wa dabba abinci, ba yar da leda ko gora. Giwa mai ɗa ba abar wasa ba ce. Mu matasa musamman, mu rage ɗokin ɗaukar hoto. Yaya ya ɓata rabin minti biyun nan yana neman saitin kyamara, abin da ya samu a ƙarshe hoton ganye ne da wani abu mai toka-toka.

Na shida, ku faɗa wa yara gaskiya tun kafin a fita. Mu mun dace ne kawai. Abokan tafiyarmu sun fita jiyan ba su ga komai ba, kuma akwai masu yin sammakon su dawo ba giwa. Sammako na ƙara maka dama ne, ba ya ba ka tabbaci. In an rasa giwa akwai gwanki da ɓauna da tsuntsaye, akwai kogunan Marshall da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, akwai gidan tarihi a sansanin, ga kuma ruwan Wikki na jira.

Mun koma makaranta da kuɗin motar da muka ranta wurin Umma, kuma har yanzu muna biya kaɗan-kaɗan. Auta ya zana giwa biyar da ɗansu a bangon littafinsa na lissafi, Kaka kuwa duk baƙon da ya shigo sai ta ce masa maigidanta ya kai ta ganin giwa. Baba bai sake tayar da maganar sakacinmu ba, sai dai ranar da za mu tafi ya ce, “In an ba ku rajistar kwasa-kwasai, ku fara da ofis kafin ruwa.”

Wanda ya taɓa zuwa Yankari ko wani gandun daji, ya rubuto mana abin da ya gani da kuma ƙarfe nawa ya fita, za mu buga a wannan shafi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu huta lafiya.